Ni Ba Ni da 'Ya a Gabon

Libreville, 12 ga Fabrairu, 2006

Zuwa ga Dado, matar ƙanena,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Sabi da yara, da dattijon gidanmu Baba Woru, da fatan ƙafarsa ta yi sauƙi. In kin ga rubutuna ya karkace, a kan gwiwata nake yi. Lafiyata ƙalau in ban da tari, kuma kowa a ɗakin nan tari yake yi, don haka ban ɗauke shi ciwo ba.

Kada ki ɗora hannu a ka. An kama ni. Katin zamana ya mutu tun bara, ina ta cewa gobe zan sabunta, har Asabar ɗin da motar masu kamen baƙi ta tsaya a bakin rumfata a unguwar Akebe. Ƙosai na cikin mai, yarinyata Bona tana miƙa wa wani kokonsa, kamar yadda take taya ni duk ranar da babu makaranta. Suka kwashe mu tare.

A gidan da suke tsare baƙi aka tambaye ni wace ce wannan, na ce 'yata ce. To me zan ce? Sai suka zazzage jakata suka ga takardar haihuwarta, da sunanki a gurbin uwa. Nan take fuskarsu ta sauya. Kin san a nan ana farautar matan da ke kawo yara daga wajenmu suna sa su bauta a gidajen mutane, to a cikinsu suka jefa ni. Aka ɗauke Bona zuwa wani gidan ajiye yara. Ta riƙe zanena har ya kwance a gaban maza.

Ɗakinmu cike yake da matan Mali da Togo da Kamaru, bokiti ɗaya, burodi da kifin gwangwani sau ɗaya a yini. Akwai wata lauya siririya mai tabarau, sunanta Mengue, da ke zuwa kyauta. Ta ce doka ta ba ni dama a faɗa mini laifina da yaren da nake ji, in ga lauya, in ga wakilin ƙasarmu, kuma kada in sa hannu a abin da ban fahimta ba. Na ce mata ni na ji, ta je ta gaya wa mai gadi, shi ne bai sani ba.

Ga abin da ta ce in roƙe ki. Ki je kotu a Parakou, ki tsaya gaban alƙali ki ce ke kika haifi Bona, kuma da yardarku ke da Sabi na ɗauke ta. A rubuta, a buga hatimi, ki ba matar nan 'yar Porto-Novo mai fataucin atamfa da ta kawo miki wannan. Ki yi sauri, don Allah.

Abin da ya fi damuna kan yarinyar. Kin san ba ta bari kowa ya taɓa mata gashi sai ni, kuma kitson da ke kanta ya riga ya tsufa.

Taki,
Bake

*

Nikki, 21 ga Maris

Yaya Bake, mijina na wasa da ke Gabon,

Muna lafiya. Ƙafar Baba Woru na nan yadda take, bakinsa kuwa ya fi da ƙarfi. Mun ji abin da ya same ku, gidan nan ba wanda bai yi kuka ba. Allah ya fito da ku, ya kawo sauƙin tarin.

Amma Yaya, akwai layi ɗaya a wasiƙarki da na karanta har takardar ta yi laushi. Wai in je gaban alƙali in ce ni na haife ta. Me muka yi miki? Tun ranar da kika zo da sabuwar tabarma da zane kika goya ta bayan yaye, bakina bai sake kama sunanta ba. Ban taɓa tambayarki me take ci ba. Hoton da kika aiko, ɗakin Baba Woru na kai shi, ban tsaya kallo a gaban mutane ba. Ke ma ai goggonki ce ta raine ki, kin taɓa jin mahaifiyarki ta buɗe baki ta ce ke tata ce?

Da aka karanta wa Baba Woru, cewa ya yi ba a sa uwa ta ambaci haihuwa sai in ana shirin mayar mata da ɗa. Sabi ya ture kwanon sakwara ya fita. Ni kuwa na kwana biyu ina lissafin ko yarinyar ta yi miki rashin kunya ne, ko wahala ce ta sa kike neman sauke kaya. In laifi ta yi, ki hore ta, taki ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba.

Sai Allah ya ba ni inda zan nuna miki zuciyata. Makon jiya mai gidan waya na bakin tasha ya aiko wai ana nemana daga Gabon. Muka ɗunguma, har Baba Woru da sandarsa, ga masu jiran mota sun kewaye mu. Wani mutum ya yi ta Faransanci a waya, wani yana juya mini. Suka ce wai takarda ta nuna ina da 'ya a Libreville, gaskiya ne? Na ɗaga murya yadda kowa zai ji na ce:

"Ni ba ni da 'ya a Gabon. Yarinyar da ke can 'yar Bake ce."

Suka sake tambaya, na sake faɗa. Baba Woru ya gyaɗa kai, a hanya har ya ce Sabi ya yi dacen mata. To yanzu sun ji daga bakina cewa taki ce, ban ga abin da zai hana su sake ku ba. Wataƙila ma wannan ta same ki a rumfarki.

Ki shafa mini kan 'yarki.

Dado

*

Libreville, 28 ga Afrilu

Dado,

Ina gaida gida. Tarin na nan. Wasiƙarki ta daɗe a aljihun mai gadi, wai ba ya jin yarenmu, sai an samo mai karanta masa.

Dado, kin kashe ni da ladabi. Kafin wasiƙarki ta iso, lauya ta riga ta zo ta zauna ta cire tabarau tana murza ido. Mutumin da ya kira ki mai bincike ne. Ya rubuta cewa matar da sunanta ke kan takardar haihuwa ta ce ba ta da 'ya a Gabon, saboda haka ko takardar ta jabu ce, ko yarinyar sayo ta aka yi. Da, maganar kati ce da zato. Yanzu tuhumata suke da fataucin yara, kuma wannan gidan yari ne na shekaru.

Na yi ta yi wa lauyar bayanin yadda muke yi, cewa a wajenmu uwar kirki ita ce wadda ke musun ɗanta a gaban jama'a. Ta dube ni kamar na ce mata muna tafiya da ka. Mutanen nan ba su san irin kunyarmu ba. A wurinsu uwa ita ce wadda takarda ta ce, kuma abin da kika faɗa a waya shi ke nan kin faɗa.

Ni ce zan mayar miki da Bona? Ni da na kwana tsaye a kanta lokacin ƙyanda? Wallahi da kina kusa da na ja miki kunne kamar ranar da aka kawo ki gidanmu kina ƙona miya. Ba sauke kaya nake ba, ƙwace mini ita ake yi, ke kuma kin taya su ba ki sani ba.

Akwai wata takarda da suke zagayawa da ita ɗakinmu, ta komawa gida da yardar kai. Wanda ya sa hannu, sai jirgi. Sun ce in na sa, za su manta da tuhumar, in tafi, yarinya kuma ta zauna a hannunsu har a gano iyayenta na gaskiya. Afi, 'yar Togon da muke raba tabarma, ta sa hannu ta tafi, ta bar mini bargonta. Ni na ce ko gawata za su fitar, tare da 'yata za mu fita. Lauya ta ce ina da ikon ƙi, kuma ta rubuta ƙorafi cewa ba a kai ni gaban alƙali cikin lokacin da doka ta yanka ba. An karɓi ƙorafin, an sa a aljihun tebur.

Sau ɗaya aka kawo mini Bona. Sun aske mata kai tas, wai saboda kwarkwata. Ban gane ta ba sai da ta ce Inna. Ta tambaye ni me ya sa ake ta yi mata tambaya a kan matar Kawu Sabi. Na ce ban sani ba.

Ki je Parakou. Ki ajiye kunyar nan a ƙofar kotu, in kin fito ki ɗauki abarki.

Bake

*

Nikki, 25 ga Yuni

Yaya,

Muna lafiya, damina ta sauka, an gama shukar auduga. Yaya tarin? Kina samun wani magani kuwa?

Mai atamfa ta kwanta rashin lafiya a Cotonou, sai farkon watan nan takardarki ta zo. Duk tsawon lokacin nan ina zaton fushi kike da ni, ko kun fita kin manta da mu. Da na karanta, zama na yi a ƙasa. Ban san inda zan sa kaina ba don baƙin ciki.

Na je wurin Baba Woru na durƙusa. Ya ce tun kakanninsa ba macen gidan nan da ta taɓa zuwa gaban hukuma ta yi iƙirarin ɗan da ta bayar, ba kuma za a fara a zamaninsa ba, a bar wa Allah. Na ce to. Washegari na ɗaura zanen unguwa. Sabi kuwa, sai na same shi a bakin hanya ya ta da babur yana kallon wani wuri.

A kotu an yi ta tura mu daga wannan tebur zuwa wancan. Ƙanenki ya laɓe a gindin mangwaro, sai da aka fita aka kamo shi ya dangwala yatsa, kansa a ƙasa kamar ɓarawon akuya. Ni aka tsayar. Alƙalin ya ce mene ne sunan yarinyar. Na nuna masa takarda. Ya ce shi ma ya iya karatu, daga bakina yake son ji.

Na ce Bona.

Ga shi ma na rubuta. Yaya, ban san sunan yana da nauyi haka a baki ba. Ya tambaye ni ko akwai wata alama a jikinta, sai na ji bakina yana cewa akwai baƙin tabo a bayan kunnenta na hagu. Ban san na riƙe wannan ba.

Labari ya riga mu isowa gida. Matan tsakar gida yanzu in na wuce sai su ce a ba mai 'ya hanya. Baba Woru ya daina amsa gaisuwata. Ban damu ba, in dai takardar nan da na naɗe a leda za ta buɗe muku ƙofa. Ki yafe mini maganar waya.

Dado

*

Libreville, 19 ga Agusta

Dado, amaryarmu,

Na yafe, ke ma ki yafe mini zafin bakina. Ina gaida Sabi, ki ce masa na ji labarin gindin mangwaro. Na rame, amma ina tashi da ƙafata.

Takardarki ta yi aiki, an kai ni gaban alƙali. Kafin mu shiga, lauya ta riƙe hannuna ta ce yanzu takardar haihuwa da ta Parakou bakinsu ɗaya, saura nawa. In na sake cewa 'yata ce, na rushe komai. Na ce na gane. Abin da ba ta gaya mini ba, don ita ma ba ta sani ba, shi ne za a kawo Bona. Ga ta a benci kusa da matar gidan yara, da wata riga da ba tata ba, da jakar makarantarta a cinya. Shugaban makarantarsu ya aiko da shaida cewa ba ta fashi, kuma ni ke zuwa karɓar sakamakonta.

Aka karanta komai a gabanta, har maganarki ta waya, har ta Parakou. Sannan alƙali ya dube ni.

"Ke kika haifi yarinyar nan?"

Na ce a'a. Na buɗe baki zan ƙara cewa amma ni na raine ta, ya ɗaga hannu.

"Wato ba 'yarki ba ce."

Na dubi lauya, ta sunkuyar da kai. Na ce, "Ba 'yata ba ce."

Ba ta yi kuka ba, Dado. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Ta dube ni kawai, sannan ta mayar da ido kan jakarta. Da za a fita da ita na kira ta, ba ta juyo ba.

An wanke ni daga fataucin yara. Amma alƙali ya ce tunda ba ni da takardar riƙo, ni ba kowa ba ce a wurinta, za a mayar da ita hannun iyayenta. Ni kuma maganar kati tana nan, sai an haɗa mu da yawa a kora mu tare. Yaushe, ba wanda ya sani. Lauya ta roƙi a haɗa mu jirgi ɗaya, aka ce fayil ɗin yara daban, na manya daban.

To za ta riga ni isowa. Ba ta cin kuɓewa. In ta yi shiru ba rashin kunya ba ne, haka take in ranta ya ɓaci. Ki ajiye mini ita, ina nan tafe, ni zan yi mata bayani da bakina.

Bake

*

Nikki, 14 ga Oktoba

Yaya Bake,

Muna lafiya, an fara cin sabuwar doya. Mun ji shiru, Allah ya sa lafiya.

'Yarki ta iso tun watan jiya. Wata ma'aikaciya ce ta rako ta daga Cotonou, ta tsaya a tsakar gida, gaban Baba Woru da kowa, ta tambayi wace ce Dado, ta tura yarinyar gabana ta ce ga uwarki. Na rasa abin yi, na shige madafa. Na ji ana dariya a bayana.

Na sauke ta a tsohon ɗakinki, na shimfiɗa mata tabarma sabuwa. Ban kai ta ɗakina ba, kada ki ji wani abu. Abinci ma ta hannun yara nake aika mata. Yarenmu ya yi mata nauyi, yaran gida suna kwaikwayon maganarta, suna ce mata 'yar Gabon. Ba ta kwance jakarta ba har yau.

Da farko kullum sai ta je tasha lokacin da motar Cotonou ke isowa, ta tsaya har a gama sauke kaya. Ina hango ta daga wurin masu sayar da cukun wagashi, ba na matsawa. Yanzu ta daina zuwa, wannan ya fi tsorata ni.

Shekaranjiya ina fasa ƙwarar kaɗe a bayan gida, ta zo ta tsaya a kaina. Ta ce:

"Matar Kawu, ke kin ce ba ki da 'ya a Gabon. Inna ta ce ni ba 'yarta ba ce. To wa ya rage in tambaya?"

Yaya, dutsen da ke hannuna sai da ya faɗi. Na ce mata uwarki na nan tafe. Ta ce wace daga ciki, ta juya ta tafi.

Gashinta ya tofo, ya cukurkuɗe, har ya isa kitso. Matan gida suna cewa kamar marainiya. Hannuna yana ƙaiƙayi, amma ban taɓa ba, naki ne. Na ajiye man kaɗe mai kyau a ƙwarya. Ki zo da wuri, ni ban san yadda zan yi da ita ba, kuma ba na iya barci.

Dado

*

Libreville, 10 ga Disamba

Dado,

Ina gaishe ku duka. Ba zan yi miki ƙarya ba, tarin ya fara zuwa da jini. Lauya ta yi faɗa har aka kai ni asibiti sau ɗaya, aka dawo da ni da ƙwayoyi a takarda.

Da na karanta wasiƙarki na kira mai gadi na ce a kawo takardar komawa gida, yanzu zan sa hannu. Ya dawo ya ce wannan ta waɗanda ba su shiga kotu ba ce, ni sai an jira umarni daga sama. Waɗanda suka sa hannu tun Afrilu suna gidajensu. Lauya ta ce doka ba ta yarda a riƙe mutum haka babu ranar fita ba, ta sake shigar da ƙara, an ɗaga zuwa bayan sabuwar shekara. Ta yi iyakar ƙoƙarinta, har kunyar haɗa ido da ni take ji.

Wancan karon kin karanta wasiƙata kin ce ina mayar miki da ita, na yi miki faɗa. To wannan karon ki karanta da kyau, abin da kika gani shi nake nufi. Yarinya ba za ta zauna babu uwa tana jiran jirgin da ba shi da rana ba. Ki ɗauke tabarmarta ki kai ɗakinki. Ki ba ta abinci da hannunki. In Baba Woru ya yi magana, ki ce ni na ce, ni da na goya ta na fita da ita daga gidan nan. Zuciyata ba ta so, amma na faɗa.

Ki yi mata kitson. Ki fara jiƙa gashin da man kaɗen, ki taje daga baki zuwa gindi, kada ki ja wajen ƙeya, nan ne ke mata zafi. Za ta ƙi da farko, ki yi ta yi mata hira har ta kwantar da kai a cinyarki. Ki gaya mata abin da ya sa kika faɗi abin da kika faɗa a waya, da abin da ya sa na faɗi nawa a kotu. Ki kira ta da sunanta, da ƙarfi, yadda 'yan tsakar gida za su ji.

Kuma kada ki sake ce mata ina nan tafe, sai kin gan ni a bakin ƙofa.

Yayarki,
Bake